Awa Biyu da Ma'u Ta Roƙa

Ranar Talata da misalin ƙarfe goma na safe Ma'u ta kira ni. Ina zaune a tsakar gidana a Kambarawa, ƙafafuna a miƙe bisa leda, mai lalle tana yi mani zane a bayan hannu, don washegari za a yi kamun ɗiyar ƙawata. Mai lallen ce ma ta kara mani wayar a kunne.

Ma'u matar ƙanena Muttaka ce, Mairo kuma ɗiyarsu. Ita ke jinyar mahaifiyarmu, Inna, a gidanmu na gado da ke Ƙofar Marusa, tun da hawan jini ya kayar da ita ɓarin jikinta na dama ya shanye, shekara biyu ke nan.

"Yaya Hafsat, ina kwana? An tashi lafiya? Ya Malam, ya yara?"

"Lafiya lau, Ma'u. Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi, ta sha kunu. Dama Mairo ce, tun jiya jikinta kamar garwashi, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Abbanta kuma ya tafi Kano sarin yadi tun asuba. Shi ne na ce ko za ki taimaka mani ki zauna da Inna awa biyu, in kai ta asibiti in dawo."

Na dubi hannuwana. Lallen ko shan iska bai yi ba.

"Kash, Ma'u, ga ni a makaranta ana taron malamai," na ce, alhali muna tsakiyar hutu. "Ki ba ta maganin zazzaɓi, ki goge mata jiki da ruwa. Na damina ne, duk yara suna yi. Gobe da sassafe ina nan."

Ta ce, "To, Yaya. Allah ya kai mu."

Wani zai ce me ya hana ta kiran maƙwabciya. Yayanmu Babaji ne ya hana. Watanni kafin nan Ma'u ta taɓa leƙawa kai niƙa, Inna ta zamo daga katifa ta ƙuje goshi. Ranar ya tsaya a tsakar gida ya kafa doka biyu: kada a sake barin Inna ita kaɗai ko na minti ɗaya, kuma kada bare ya shiga ɗakinta ya ga halin da take ciki, don mutuncin gidanmu. Duka muka ce haka ne. Babu wanda ya tambayi yadda mutum ɗaya zai riƙe dokokin nan biyu a lokaci guda.

Bayan la'asar Mairo ta fara jijjiga, idanunta suka ƙafe. Ma'u ta sungume ta ta fita ko mayafi babu, tana ƙwala wa maƙwabciyarsu Talatu kira ta tsaya mata a bakin ƙofar Inna. A cikin napep yarinyar ta cika, kafin su kai ƙofar asibiti. Shekararta uku da wata biyu. Ita kaɗai suka haifa.

Washegari da safe aka kai ta. Mata suka cika tsakar gida, tabarmi har bakin rijiya. Ni ina zaune kusa da Ma'u, hannuwana a cikin hijabi, duk wadda ta miƙo mani hannu sai in miƙa mata ta bayan ƙyalle. Lallen ya kama ja wur.

Wajen hantsi muka ji Inna tana irin gurnanin da take yi in ta ɓata jikinta, can kuma wari ya fara fitowa ta labule. Ni da ƙanwata Nafisa da Zulaihat matar Yaya Babaji muka dubi juna, kowa ta mayar da kai ƙasa kamar mai jan carbi. Ma'u ce ta dafa bango ta miƙe daga kan tabarmar makokin ɗiyarta, ta ɗauki buta da baho ta shiga.

"Kai, yarinyar nan akwai haƙuri," in ji wata dattijuwa. "Kun yi dacen suruka."

"Wallahi kuwa," muka ce.

Ranar addu'ar uku mahaifiyar Ma'u, wadda ta zo daga ƙauyensu ta bayan Rimi, ta sami Yaya Babaji a zaure ta durƙusa.

"Alhaji, alfarma nake nema. A ba ni ita ko sati biyu ne, ta je gida ta huce. Kwana uku ke nan ban ga ta sa loma a baki ba."

"Ayya, Baba, ai da mai yiwuwa ne da ni da kaina zan kai ta," in ji shi. "To Hajiya fa? Ta saba da hannunta, ba ta karɓar abinci a hannun kowa. Kuma zaman shiru shi ke kawo tunani. Aikin ma zai ɗebe mata kewa."

Tsohuwar ta dubi Muttaka. Shi ne autanmu, tela ne a kasuwa, kuma tun yana yaro bai iya ɗaga ido a gaban Yaya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda Yaya ya ce."

Kowannenmu yana da uzurinsa, kuma kowane uzuri in ka ji shi shi kaɗai sai ka ce gaskiya ne. Yaya Babaji ya ce shi ke sayen magani da famfas, kuma gidansa bene ne, ba a iya hawa da mara lafiya. Zulaihat tana da ciwon baya. Nafisa ta ce mijinta ba ya son tana yawan fita. Ni na ce ga makaranta ga yara biyar. Mukan zo ranar Juma'a da ledar lemo da ayaba, mu zauna a gefen katifa mu ɗauki Inna hoto mu tura wa dangi, mu ce wa Ma'u, "Sannu da ƙoƙari, ladanki yana wurin Allah," mu tafi kafin lokacin canza mata shimfiɗa.

Ga yadda ranar Ma'u take. Da ta sallame sallar asuba za ta ɗora ruwan zafi, ta cire wa Inna famfas, ta wanke ta a kwance, ta shafe ta da mai. Inna mace ce mai jiki, Ma'u kuwa ba ta kai rabinta ba, amma ita ke cicciɓa ta ta jingina ta da bango. Kunu kofi ɗaya sai ya ci awa guda, don in aka yi sauri sai ta shaƙe. Duk bayan awa biyu sai an juya ta, in ba haka ba bayanta ya yi gyambo. Tsakanin juyi da juyi akwai wankin zannuwa, da jan ruwa, da girki, da miƙar da hannun da ya shanye kamar yadda likita ya nuna. Da can Mairo tana biye da ita tana riƙe mata gefen zani, tana cewa ita ma za ta ba Kaka kunu. Yanzu aikin yana nan yadda yake, yarinyar ce kawai babu.

Ba ta samu ta yi kuka ba. Talatu ta gaya mani daga baya cewa sau ɗaya ta ji sheshsheƙarta ta bayan katanga, a wurin wanki, ba a yi minti biyu ba Inna ta yi gurnani, kukan ya tsaya cak.

Wata ɗaya bayan rasuwar na je na tarar da ita tana ba Inna kunu. Wuyanta ya yi tsawo, zanin da ta ɗaura ya kusa zagaye ta sau biyu.

"Haɗiye mana, 'yar albarka," take cewa. "Saura cokali ɗaya, Mairo, sai in goya ki."

Ba ta ji abin da ta faɗa ba. Inna ta ji. Hawaye ya gangaro ta idonta mai lafiya ya shiga kunne.

Na ce, "Ma'u, kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Yaya."

Ban ƙara tambaya ba, don ina tsoron inda maganar za ta kai mu. Tun ranar rasuwar nake jiran ta ce wa wani ta kira ni. Ba ta ce ba. In na zo takan tare ni da fara'arta, ta shimfiɗa mani tabarma, ta kawo ruwa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai na rage zuwa. Na ce wa kaina aiki ne ya yi yawa.

Al'amura suka riƙa lalacewa kaɗan-kaɗan. Ta zuba gishiri a kunu. Ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. Ta zuba wa kanta ruwan zafi a ƙafa, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da aiki tana ɗingishi. Muttaka ya same ni a gida wata rana, ya daɗe yana murza hularsa.

"Yaya, Ma'u fa ba ta daidai. Sai ta zauna ta zuba wa ƙofa ido, in yi magana sau uku ba ta ji ba. Na ce ko za ku riƙa karɓarta ko kwana ɗaya a sati, ke da Yaya Nafisa."

"Ka bari a gama jarrabawa," na ce mashi. "Ka riƙa yi mata tofi a ruwa. Kai ma ka riƙa taimakawa mana."

"Ni namiji, ya zan yi in wanke Inna?"

Ya sa hularsa ya tafi, bai sake tayar da maganar ba.

Wata ranar Laraba da azahar, yaran unguwa suna dawowa daga makarantar allo, wata yarinya ta yi dariya a bakin zaure. Ma'u tana tsakiyar juya Inna. Ta saki, ta fita a guje, ta bi layi babu takalmi har bakin titi tana duba fuskar yara ɗaya bayan ɗaya. Talatu ce ta kamo ta ta dawo da ita. Suka tarar Inna ta kifa da fuska a ƙasa, leɓenta ya fashe.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya Babaji ya tara mu a tsakar gida. Ma'u tana durƙushe a gefe, kanta a ƙasa.

"Ni fa ba na son sakaci," in ji shi. "Me aka rage ki da shi a gidan nan? Abinci ne babu ko magani? Uwarmu ba abin wasa ba ce. Kowa ya yi rashi, ba a kanki aka fara ba. Kuma tunda abin ya kai haka bari in faɗa, irin wannan sakacin ne ya ci yarinyar nan. Yaro yana zazzaɓi tun dare, kina da waya a hannu, ga 'yan'uwa cike da gari, ki kasa kiran kowa?"

Ma'u ta ɗago kai ta dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, irin kallon da yaro ke yi wa babba ne in yana jiran a faɗi abin da ya faru. Na buɗe baki zan yi magana. Sai na tuna mijina, da Nafisa da Zulaihat da ke zaune, da yadda zancen zai zagaye dangi kafin magariba. Na gyara hijabina na dubi ƙasa.

Ma'u ta mayar da kanta. "Ku yi haƙuri, Yaya. Laifina ne. Ba zan ƙara ba."

Kwana biyu bayan haka mahaifinta, Malam Mati, ya zo. Talatu ce ta nemi lambarsa ta gaya masa komai. Dattijo ne siriri, manomi, rigarsa ta koɗe a kafaɗa. Bai zauna ba, bai sha ruwan da aka kawo ba. Ya gaida Inna daga bakin ƙofa, sannan ya juya ga Yaya Babaji.

"Alhaji, ni aure na ba ɗan'uwanka, kuma ban zo kashe shi ba. Amma ɗiyata ba ta da lafiya, zan tafi da ita. Hajiya ta haifi huɗu, duka suna raye. Ni ma wannan ita ce tawa."

Yaya ya fara cewa ai ba a haka, Malam Mati ya ce, "Ma'u, ɗauko mayafinki." Sai da ta shiga ta juya Inna, ta gyara mata matashi, sannan ta fito.

Dole ta sa muka raba kwanaki, nawa suka zo farko. Ranar farko na kasa ɗaga Inna, sai da na kira Talatu, dokar Yaya ta bi ruwa ba wanda ya ce uffan. Na yi amai sau biyu wurin canza famfas. Kafin azahar bayana ya riƙe, hannuna ya yi kanta saboda wanki. Ina ɗiyar da ta haifa, ban san ta wane gefe ake fara juya ta ba.

A rana ta biyu na dama kunu na kai mata cokali. Ta datse baki ta kawar da kai.

"Inna, ki daure ki sha. Ni ce, Hafsatu."

Ta juyo da idon nan ɗaya ta kafe ni da shi. Tun da ta kwanta maganarta ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, su ma sai an kasa kunne. Ta yi ta kokawa da harshenta, miyau yana zuba, har ta fitar da shi.

"Ta... kira... ki."

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Ashe a ɗakin Inna Ma'u ta yi wayar, a gefen katifar nan. Wata uku Inna tana kwance da maganar a cikinta, tana kallona ina zuwa da lemo ina ɗaukar ta hoto.

Da Juma'a ta zagayo kowa ya gaji. Nafisa ta yi kwana ɗaya ta ce jininta ya hau. Zulaihat ba ta zo ba sam. Yaya Babaji ya ce ya samo mafita.

"Tunda waccan ta gaza, Muttaka ya ƙara aure. Akwai wata bazawara a ƙauyen direbana, ƙaƙƙarfa ce, ba ta da yawan magana. Ni zan yi komai. Kafin wata ya ƙare an ɗaura."

Nafisa ta ce, "Wallahi Yaya ka kawo shawara."

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na gaya masu ranar Talata, da ƙarfe goma, da lallen, da taron malaman da babu shi. Na ce awa biyu ta roƙa na hana ta. Na ce wa Yaya dokarsa ce ta kulle ta a ɗaki ɗiyarta tana ƙonewa da zazzaɓi, kuma mu duka mun mayar da ita baiwa muna biyanta da sannu. Na ce ba wata 'yar mutane da za a sake kawowa gidan nan ta ɗauki abin da mu da aka haifa a cikinsa muka ƙi ɗauka.

Yaya ya ce, "To ai ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare. Tone-tonen me ye amfaninsa?" Ya karkaɗe rigarsa ya fita. Muttaka ya dube ni kawai, ya tashi ya shiga ɗakinsu ya rufe ƙofa. Har yau gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu. Amma maganar auren ta mutu a wurin, kuma tun daga ranar shi ke ɗaga Inna safe da yamma kafin ya tafi shago da bayan ya dawo.

Ranar Asabar na bar Nafisa da Inna na hau mota zuwa ƙauyen su Ma'u. Na tarar da ita a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa da mahaifiyarta. Ta ɗan yi kumari, amma idanunta suna nan a zurme. Tana ganina ta miƙe da sauri za ta ɗauko tabarma.

"Yaya Hafsat! Ke ce da kanki? Sannu da hanya. Ya Inna? Wa ke wurinta?"

"Nafisa."

"Ki ce mata kada ta bar ta a ɓarin dama ya daɗe, wurin ƙugun nan ya fara ja. Kuma kunun kada ya yi kauri."

Na durƙusa a gabanta a kan ɓawon gyaɗa. Na gaya mata ba ni makaranta ranar, lalle ake yi mani. Na ce na ji Yaya ya ɗora mata laifi na yi shiru. Na ce ta yafe mani don Allah, in kuma ba za ta iya ba, ba zan ga laifinta ba.

Mahaifiyarta ta tashi ta ba mu wuri.

"Na sani, Yaya," ta ce a hankali. "Na ji mai lallen tana ce maki kada ki motsa hannu."

Na kasa ɗago kai.

"Ni ba ke nake tunani ba. Kaina nake tunani. Kullum sai in ce me ya sa ban sake kira ba. Me ya sa ban ɗauke ta na fita tun da safe ba, in ya so Yaya Babaji ya kore ni. Na tsaya ina tsoron faɗa, ina goge mata jiki da tsumma, tana ce mani Umma zafi." Muryarta ta karye. "Na yafe maki. Ni ce ban san wanda zai yafe mani ba."

Sai kukan ya zo. Ta kifa kai a cinyata ta yi shi da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo ta kan darni. Ba wanda ya yi gurnani daga ɗaki, ba wanda ya ce ta yi haƙuri ta tashi. Na riƙe ta har rana ta karkata, ina jin ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna.

Yau wata biyar Ma'u tana gidansu. Muttaka yana zuwa duk sati, bai ce ta dawo ba tukuna, ni ma ban ga da wane baki za mu ce ba. Inna tana karɓar kunu a hannuna yanzu, amma ba ta cika dubana ba.

Na rubuta wannan ne don na san gidanmu ba shi kaɗai ba ne. Ku leƙa lungunan garin nan, gida nawa ne ke da tsoho a kwance, 'ya'yansa suna da motoci da uzurori, da wata 'yar mutane ita kaɗai a bakin katifa? Kowa yana yabon haƙurinta, don yabo ba ya sa bayan mutum ya yi ciwo. In kuna da irinta a gidanku, kada ku jira ta roƙa. Tamu sau ɗaya ta roƙa a shekara biyu.